Yadda ake gane tsohuwar motar ƙwanji ta asali kafin a biya kuɗinta

A shekarar 2014, a wani gwanjo da kamfanin Mecum ya gudanar a birnin Seattle na ƙasar Amurka, an sayar da wata mota ƙirar Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971, mai buɗaɗɗen rufi, a kan Dala miliyan uku da rabi. Ba kyan fenti ne ya kai ta wannan farashi ba. Abin da aka saya shi ne tabbacin cewa tana cikin 'yan ƙalilan ɗin da masana'anta ta fitar da wannan siffa, kuma injin da ke cikinta shi ne wanda ta fito da shi.

Irin waɗannan motoci ne Amurkawa ke yi wa laƙabi da motocin ƙwanji: matsakaicin bodi mai ƙofa biyu, wanda aka cusa wa ƙaton inji mai silinda takwas. Zamaninsu ya faro ne da Pontiac GTO a 1964, ya kuma dusashe a farkon shekarun 1970, bayan tsadar inshora da dokokin rage hayaƙi da matsalar man fetur ta 1973 sun taru sun danne kasuwarsu. Matsalar mai saye a yau ita ce, kusan kowace ɗaya daga cikinsu tana da 'yar'uwa mai araha wadda bodinsu ɗaya. Da tambari da zanen fenti da murfin inji, waɗanda duk ana ƙera sababbinsu ana sayarwa, za a iya mayar da 'yar'uwar ta zama tamkar mai tsadar.

Babu motar da ta fi nuna wannan kamar Chevrolet Chevelle SS 454 ta 1970, mai injin da ake kira LS6. Injin ne mai girman lita 7.4, wanda kamfanin ya ce yana da ƙarfin doki 450, kuma motoci 4,475 ne kawai aka sanya wa shi a waccan shekara. Masu tara motoci sukan yi raha cewa LS6 ɗin da ke yawo a yau sun fi waɗanda aka ƙera yawa, kuma akwai dalilin wannan raha.

Duk wanda ya taɓa sayen motar hannu ya san a fara duba lambar shasi. To a nan lambar ba ta wadatarwa. Tsarin lamba mai haruffa da alƙaluma 17 da aka saba da shi yanzu bai fara aiki ba sai a 1981. Lambar Chevelle ta 1970 guda 13 ce, kuma abin da take faɗa bai wuce cewa motar Malibu ce mai silinda takwas, da shekararta, da masana'antar da ta haɗa ta ba. Ba ta ambaci SS ba, balle LS6, domin a lokacin dukkansu ƙari ne da mai saye ke zaɓa a wajen dila. Sai a 1972 Chevrolet ya fara sanya harafin nau'in inji a cikin lambar. Ke nan Malibu ta gama-gari da LS6 ta gaske suna iya fara lambarsu da 13637 iri ɗaya, alhali tazarar farashinsu ta ninka sau da yawa.

Saboda haka ƙwararru kan sunkuya ne kan injin kansa. A gabansa, ta ɓangaren fasinja, akwai wani ɗan fili da aka goge, inda ake buga lambobi kashi biyu. Na farko daga masana'antar inji yake. Manyan injinan Chevrolet na wancan lokaci a Tonawanda ta Jihar New York ake haɗa su, don haka lambar kan fara da harafin T, sai wata da rana, sai haruffa uku da ke nuna nau'in injin, kamar CRV ga LS6 mai giyar hannu da CRR ga mai giyar otomatik. Na biyu kuwa wani yanki ne na lambar shasin motar, wanda aka buga a ranar da aka ɗora mata injin. Idan ya yi daidai da na jikin motar, kuma aka sami irinsa a jikin akwatin giya, shi ne abin da ake nufi da mota mai lambobi masu dacewa.

Sai dai abin da hannu ya buga, hannu na iya sake bugawa. Maha'inta kan kai wani injin wajen masu goge ƙarfe a share tsohuwar lamba, sannan a buga wadda ake so. Abin da ke tona su shi ne fuskar ƙarfen. Na'urar masana'anta kan bar siraran layuka miƙaƙƙu da ke tafiya daga gaba zuwa baya, yayin da gugar bayan fage ta fi barin layuka masu zagaye, ko kuma fuska mai santsin da ya wuce kima. Akan kuma kwatanta siffar haruffan da tazararsu da na wasu motocin da suka fito daga masana'anta ɗaya a lokaci ɗaya. Wannan aiki ne na ido da ya ga ɗaruruwansu, kuma kuɗin ɗauko irin wannan gwani bai kai komai ba idan aka auna shi da kuɗin motar.

Akwai kuma shaidar da ta fi wuyar ƙirƙira, wato kwanan watan zubi. Lokacin da aka narka ƙarfe aka zuba gangar injin, akan bar kwanan wata a jikinta da harafi da alƙaluma masu tudu, inda A ke nufin Janairu, B Fabrairu, haka har ƙarshen shekara. Tsarin a fili yake: zubi ne farko, sai haɗa inji, sai haɗa mota, wadda makon haɗa bodinta ke rubuce a wani ƙaramin faranti da ke jikin bangon da ya raba inji da mazaunin direba. Injin da aka zuba a watan Mayu ba zai kasance na motar da ta bar masana'anta a watan Maris ba.

Rashin injin asali ba kullum ne yake nufin zamba ba. An sayi waɗannan motoci ne don tsere, da yawa sun fasa injinsu tun suna sababbi, dila ya sauya musu da wani a ƙarƙashin garanti, mai ɗauke da haruffan CE. Irin wannan mota tana nan a matsayin LS6 ta gaske, darajarta ce kawai ta ragu. Haka nan babu laifi a sayar da kwaikwayo muddin an kira shi da sunansa. Laifin yana farawa ne daga inda aka ɓoye.

Idan injin ya tafi, takarda ce ke saura. Mafi daraja ita ce takardar haɗi, wadda ke jera duk abin da za a sanya wa motar, kuma ma'aikata kan bar ta a ƙarƙashin kujerar baya, ko a saman tankin mai, ko a ƙarƙashin kafet. Sai ɗan farantin garanti da dila ke bai wa mai saye na farko, mai ɗauke da lambar injin. Su ma ana yin jabunsu, har a tsufar da takardar da gangan, shi ya sa wadda aka ciro daga jikin motar a gaban shaidu ta fi wadda aka miƙo a cikin ambulan nauyi.

A nan masu sayen wasu kamfanonin sun fi samun sauƙi. Mai neman GTO zai iya aika lambar shasi ga Pontiac Historic Services a ba shi kwafin takardar cinikin masana'anta. Mai neman Mustang ta 1967 zuwa sama yana da rahoton Marti, wanda ake ciro shi daga kundin kamfanin Ford. A motocin Dodge da Plymouth na 1970 da 1971, harafi na biyar na lambar shasi shi ke faɗin injin, R kuma na nufin Hemi 426. Chevelle ɗin da aka haɗa a Amurka ba ta da irin wannan kundi da ake nema, in ban da waɗanda aka sayar a Kanada, inda reshen General Motors na can ya adana bayanansu.

Inda lambar shasi ke faɗin komai kuwa, ita ake sata. Akan ciro farantin lambar daga motar asali da tsatsa ta cinye, a liƙa shi a lafiyayyen bodin mai araha, abin da dokar tarayyar Amurka ta ɗauka a matsayin babban laifi. Don haka akan duba ƙusoshin da suka riƙe farantin, waɗanda a motocin General Motors na wancan zamani kansu ke da siffar fure, a nemi alamar walda a kewayensa, sannan a lalubo ɓoyayyun lambobin da aka buga a wasu sassan bodin. Wasu daga cikinsu ba a ganinsu sai an kwance fankar hita, kuma mai sayarwar da ya yarda da motarsa ba ya hana a kwance ta.