Zaurance: Harshen da Ake Ɓoye Ciniki da Shi

Duk wanda ya saba cin kasuwa daga Wad Madani zuwa Sinnar, ko ya taɓa kai kaya bakin iyaka a Kurmuk, ya san yadda dillalai biyu kan juya harshe a gaban mai kaya, yana ji amma bai gane ba. Wannan shi ne zaurance, kuma rashin saninsa kan ci wa ɗan kasuwa riba.

Zaurance yana cikin abubuwan da muka gada tare da Hausar iyayenmu, waɗanda suka yi hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, har aka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Ba surutun banza ba ne, domin kuwa yana da ƙa'idoji.

Ƙa'ida ta farko ita ce ƙarin gaɓa. A raba kalma gaɓa-gaɓa, sannan a liƙa wa kowace gaɓa wani sauti, misali "da". Sai kuɗi ya koma kudaɗida, buhu ya koma budahuda.

Ta biyu ita ce juyi. A ɗauki gaɓar farko a kai ta ƙarshe. Gero ya zama roge, kasuwa ta zama suwaka. Haka ma lissafi: goma mago ne, biyar yarbi ne, ɗari kuwa riɗa. A kula, riɗa ba riɗi ba ne.

Ta uku, a zaurancen juyi tsarin jimla ba ya sauyawa, kuma kalma mai gaɓa ɗaya tana nan yadda take. "Ya kawo gero" zai koma "Ya woka roge". Wanda ya riƙe "ya", "na" da "ba" ya kama bakin zaren maganar.

Ba mu kaɗai ke da wannan dabara ba. Samarin Khartoum suna da nasu da ake kira Randok, inda suke juya haruffan kalmomin Larabci.

Shawararmu ita ce, idan an juya harshe a kan kayanka, kada ka yi gaggawar cewa "na sallama". Ka saurara, ka mayar da gaɓar ƙarshe farko. Sannan mu tuna, yaron da Hausarsa ta raunana ba zai iya warware zaurance ba, don haka mu riƙa yi wa 'ya'yanmu Hausa a gida kafin mu ɗora su a kan rumfa. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka.