Allurar zafi ta tashi? Dakata kafin a cire maka tamosta

Idan kana cikin samarin da ke jan Hilux ko wata a-kori-kura, ko ta gidanku ce, ko ta maigida, ko wadda kake lodin buhuna da ita daga Dawanau, wata rana za ka kalli dashbod ka ga allurar zafi ta doshi ja, ko fitilar nan mai hoton inji ta kama. Abin da ka yi a wannan lokacin, da abin da ka yarda aka yi wa motar a gareji, shi zai raba tsakanin canza 'yar sansa guda da sauke inji gaba ɗaya.

Da farko dai ka gangara gefen titi ka kashe motar. Kada ka kuskura ka taɓa murfin lagireto. Ruwan da ke ciki a matse yake, shi ya sa yakan kai kusan digiri 120 bai tafasa ba, kana buɗewa zai yi maka tsartuwa a fuska. Kuma kada ka fasa ruwan leda mai sanyi a kan injin, ƙarfen da ya ɗauki zafi yana iya karkacewa ko ya tsage. Ka ba shi kamar rabin awa ya huce.

To, sai babbar tambayar da mutane ke tsallakewa: injin ne ya yi zafi da gaske, ko mai kawo rahoton ne ke ƙarya?

Mai kawo rahoton ita ce sansar zafin ruwa, 'yar ƙaramar aba mai waya biyu da aka ɗaura kusa da inda ruwa ke fita daga inji. Ita ke gaya wa kwamfutar mota, wadda 'yan gareji ke kira biren-bos, yadda zafi yake, kwamfutar kuma ta yanke yawan man da za ta ba inji. Idan ka auna ta da mita, a injinan Toyota da yawa za ka samu kusan om 2,500 a digiri 20, ya sauko zuwa wajen om 300 a digiri 80. Wato zafi na hawa, lambar na sauka. A tsofaffin motoci ma sansa biyu ce, ɗaya ta allurar dashbod, ɗaya ta kwamfuta, don haka allura na iya haukacewa alhali inji lafiyarsa lau.

A nan ne wayarka za ta yi maka amfanin da ya wuce TikTok. Duk motar da aka sayar a Amurka tun daga 1996 tana da soket mai rami 16 a ƙasan sitiyari, Hilux na baya-bayan nan ma suna da ita. Akwai 'yar na'ura mai Bluetooth, ELM327, da ake cusawa a wurin, sai ka haɗa ta da manhaja irin Torque ko Car Scanner. Ka gwada da sassafe, motar ta kwana ba a tayar ba. Zafin ruwan ya kamata ya zo kusan daidai da na gari. Idan ka ga -40, ba Rasha ka koma ba, waya ce ta tsinke ko soket ya zare, kuma lambar da za ta fito ita ce P0118. Idan ka ga 140 a injin da ko ɗumi bai yi ba, wayoyi ne suka haɗu, P0117 ke nan. Dukkansu aikin rewaya ne. Ka sa ya duba soket ɗin tukuna, domin sau da yawa tsatsa ce ko ɓera ya ci waya, sansar ba ta yi laifin komai ba.

Wadda ta fi ban haushi ita ce sansa mai ƙaramar ƙarya. Ba ta mutu ba balle kwamfuta ta kama ta, kawai tana cewa inji da sauran sanyi alhali ya yi ɗumi. Kwamfuta ta yi ta ƙara mai, salansa na baƙin hayaƙi, fulogi na yin baƙi, kai kuma kana zagin gidan mai.

Idan kuwa sikana ta nuna zafin na gaske ne, yana haura 100 yana ci gaba, ka lura da lokacin da yake tashi. In a cunkoso ne kawai, da ka hau babban titi ya sauka, zargi fanka. Fankar Hilux bel ke juya ta, tana da wani kulochi mai mai a ciki. Idan ka kashe inji yana da zafi ka juya ta da hannu ta yi ta wulwulawa ba tirjiya, man ya tsiyaye. In kuma a kan gudu ko da kaya yake tashi, duba lagireto: ƙurar hunturu da ƙaiƙayi kan toshe shi ta waje, ruwan rijiya ko na burtsatse kan toshe shi ta ciki. Murfin lagireton kansa, da arharsa, idan robarsa ta mutu ruwa zai riƙa tafasa da wuri.

Yanzu ga maganar da ta sa na rubuta wannan. Kana shiga gareji da matsalar zafi, akwai yiwuwar ka ji an ce: "Oga, a cire tamosta kawai, ai don ƙasar Turawa aka yi ta." Kada ka yarda. Tamosta ƙofa ce da ke tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin aikinsa, sannan ta buɗe masa hanyar lagireto. A injinan Toyota da yawa za ka ga an buga 82 a jikinta. Idan aka cire ta, inji zai daɗe bai yi ɗumi ba, musamman da asubar hunturu a Jos ko Zariya, ya sha mai, ya riƙa cin kansa a hankali, wasu motocin ma su jefo maka P0128. Abin dariyar kuma, a injina da dama tamostar ce ke rufe wata 'yar hanyar ratse idan ta buɗe. Babu ita, wani ruwan sai ya yi ta zagaye cikin inji bai je lagireto ba. Ka ga an cire ta don zafi, zafin bai tafi ba, kuma ainihin cutar tana nan.

Gaskiya ne tamosta takan maƙale a rufe, kuma hakan na dafa inji cikin 'yan mintuna. Gwajinta ba wuya: jefa ta a tukunyar ruwa a kan wuta. Kafin ruwan ya tafasa ya kamata ka ga ta buɗe. In ta ƙi, a saka sabuwa mai lamba iri ɗaya.

Bayan kowane gyara, a zuba kulan na gaske, Toyota na da nata mai ruwan hoda da aka riga aka haɗa, ba ruwan famfo zalla ba. A kuma fitar da iska: a bar inji na aiki daga sanyi, murfi a buɗe, hita a kunne, har kumfa ta daina fitowa. Iskar da ta maƙale kusa da sansa takan sa allura ta yi ta hawa da sauka.

Amma idan kumfar ta ƙi ƙarewa, ruwa na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, salansa na farin hayaƙi, ko ka zaro sandar baƙin mai ka gan shi kamar shayi da madara, gaskit ɗin kan silinda ya ƙone. Wannan motar kada ka tuƙa ta zuwa gareji, nemo wadda za ta ja ta.