DUTSE BA FADAMA BA NE

Mu mutanen Jakusko da Gashuwa da Nguru 'ya'yan fadama ne. Yaronmu ya iya iyo da gora, ya iya tuƙa kwalekwale, amma da wuya ya taɓa taka dutsen da ya fi shi tsawo. Dalili kuwa, ƙasarmu tana cikin kwarin Tafkin Chadi, inda yashi da yumɓu suka binne duwatsu can ƙarƙashi tun zamani mai nisa. Sai mutum ya nausa kudu maso yamma, ya wuce Azare, kana ya ga irin duwatsun Shira, masu zane-zanen mutanen dā. Don haka in namu ya je hawan dutse, baƙo ne, baƙo kuwa ko da ido makaho ne.

A wani hutun bazara mu biyar muka tafi Shira. Muka hau lafiya, muna raha. Wajen saukowa ne ɗaya daga cikinmu, mai gaggawa, ya taka wani ɓawon dutse, ya ɓalle da shi, ya zame, ya yi targaɗe. Ga rana tsaka, ga ruwa ya ƙare. Allah ya kawo wani makiyayi, ya nuna mana wata hanya ta bayan dutsen, muka tallabo abokinmu, ba mu iso gindi ba sai la'asar sakaliya. Ga abin da na tsinta daga wannan fita.

Na farko, dutse yana saɓa kamar albasa. Rana ta gasa shi ya buɗe, dare ya yi sanyi ya tsuke, ruwa kuma ya shiga tsaguwa. Yau da gobe sai fatarsa ta sama ta rabu da jikinsa, ko da ya ke a ido lafiya lau ta ke. Kafin ka ɗora nauyinka, ƙwanƙwasa wurin da sanda. In ya yi amo kamar ƙwarya, to, nemi wani matakin.

Na biyu, sauka ta fi hawa wuya. Mai hawa yana ganin inda zai sa ƙafa. Mai sauka kuwa ƙafarsa ce ke gaba, idonsa na baya, ga gwiwa ta riga ta gaji. A wuri mai gangara sosai, juya ka fuskanci dutsen, kada ka ɗaga hannu ko ƙafa sai sauran ukun sun kama. Kada kuma ka hau inda ba ka ga yadda za ka sauko ba.

Na uku, dutse ba shi da rijiya. A fadama inuwa da ruwa ba su yi nisa ba. A bisa kuwa zafi daga sama, zafi daga ƙasa. A tashi bayan asuba, a sauko kafin hantsi ya yi zafi, kowa da gorar ruwansa. In hadari ya taso a sauka nan da nan, don jiƙaƙƙen dutse santsi gare shi, tsawa kuma ta fi faɗa wa wuri mai tsawo.

Na huɗu, a nemi ɗan gari, a kuma sanar da mai unguwa. Shi ya san kogon ƙudan zuma da maɓoyar maciji. In wani ya yi targaɗe, kada a ja ƙafar. A ɗaure ta, a sa jiƙaƙƙen ƙyalle, a ɗaga ta, a kai shi asibiti, don karaya kan yi kama da targaɗe.

To, 'yan'uwana, gobe mu ne malamai. Wata rana za a danƙa wa kowannenmu aji guda na 'ya'yan mutane, a ce ya kai su ganin Dala ko Kufena. Ku kai su, don ganin dutse ya fi jin labarinsa a allo. Amma ku ƙidaya su a gindi, ku ƙidaya su a bisa, ku sa mai rauni gaba, malami a baya. Iyaye ba za su tambaye ku tsawon dutsen ba. Ɗansu za su tambaya.