Baƙin Tabo a Baki: Yaushe Ya Kamata a Damu?

Yawancin baƙaƙen fata suna da duhu a dasashi tun ƙuruciya, kuma wannan ba cuta ba ce. Shan taba da daɗewa ana shan kulorokwin ma kan jawo tabo.

Sai dai akwai sankarar da ake kira melanoma. Ba ta cika fitowa a baki ba, amma tana saurin yaɗuwa. Ta fi kama ganɗa da dasashin sama, sau da yawa ba tare da zafi ba.

Idan sabon tabo ya fito, yana faɗi, launinsa yana sauyawa, ko yana zubar da jini, kada a tsaya shafe-shafe. A garzaya asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, a yanki ɗan nama a auna. Gano sankarar da wuri ne ke ceton rai.