Tutar 'Yan Aware A Filin Wasa: Kishin Gida Ne Ko Cin Fuska?

A ranar 10 ga watan Yuni, 2020, NASCAR, hukumar da ke shirya tseren motocin da ya fi kowanne farin jini a Amurka, ta fitar da wata 'yar gajeriyar sanarwa: daga wannan rana ba a yarda kowa ya shigo filayenta da tutar 'yan awaren Kudu ba. Kwana biyu kafin nan, Bubba Wallace, wanda shi kaɗai ne baƙar fata cikin direbobin babban rukunin gasar a lokacin, ya fito a tashar CNN ya nemi a raba filayen tsere da wannan tuta. Ƙasar tana cikin zanga-zanga kan kisan da ɗan sanda ya yi wa wani baƙar fata, George Floyd, a Minneapolis, saboda haka maganar ta zo a kan gaɓa. Wasu suka yi murna, wasu suka rantse sun bar kallon tsere har abada.

Mai karatu zai iya tambaya, wane irin ƙyalle ne wannan da zai raba kan mutanen da wasa ɗaya ya tara? Mu da muka taso muna jin labarin tutocin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bai wa almajiransa, mun san tuta ba ado ba ce. Wanda ya ɗaga ta yana faɗin ɓangaren da yake ne, ko da bai buɗe baki ba.

Tutar da ake magana a kai ja ce, da shuɗin layi biyu da suka gitta juna daga kusurwa zuwa kusurwa, da fararen taurari 13 a jere cikinsu. Asalinta tutar yaƙi ce ta rundunar Janar Robert E. Lee a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, lokacin da jihohi 11 na Kudu suka ɓalle suka kafa ƙasarsu. Dalilin ɓallewar ba a ɓoye yake ba, domin su da kansu suka rubuta shi. Takardar da jihar Misisipi ta fitar a 1861 ta ce matsayinta a ɗaure yake da bauta gaba ɗaya. Mataimakin shugaban 'yan awaren, Alexander Stephens, ya faɗa a jawabinsa na birnin Savannah a watan Maris na shekarar cewa tubalin sabuwar gwamnatinsu shi ne baƙar fata ba daidai yake da farar fata ba, kuma bauta ce ta dace da shi. Ƙidayar 1860 ta nuna bayi sun kusa miliyan 4 a Amurka, jikokin waɗanda aka kwasa daga Afirka, da yawansu daga yammacinta. A Misisipi bayi sun fi 'ya'ya yawa. Yaƙin ya ci rayuka sama da 600,000, aka ci Kudu, aka soke bauta.

Da a nan labarin ya tsaya, da tutar ta zauna a gidajen tarihi da maƙabartun sojoji. Amma ta dawo kan titi, kuma lokacin da ta dawo shi ne abin lura. A 1948 wasu 'yan siyasar Kudu suka fice daga jam'iyyar Dimokurat saboda ta fara maganar haƙƙin baƙaƙen fata, suka tsayar da Strom Thurmond takarar shugaban ƙasa, magoya bayansu suka riƙa cika taruka da wannan tuta. A 1954 Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata. Shekara biyu bayan haka jihar Jojiya ta saka alamar a cikin tutarta. Duk lokacin da baƙar fata ya matsa gaba, sai tutar ta ƙara fitowa.

Filin wasa bai tsira ba. Jami'ar Misisipi, wadda aka fi sani da Ole Miss, ta laƙaba wa ƙungiyoyin wasanta sunan 'yan tawaye tun 1936, kuma daga ƙarshen shekarun 1940 tutar ta zama ruwan dare a wasanninta na zari-ruga irin na Amurka. A daren 29 ga Satumba, 1962, ana hutun rabin lokaci a wasan jami'ar da Kentucky a birnin Jackson, Gwamna Ross Barnett ya tsaya a tsakiyar fili ya karɓi lasifika. Dubban 'yan kallo na kaɗa tutar ta kowane ɓangare, suna ihu, shi kuwa yana kirarin son al'adun jiharsa. Kowa a wurin ya san al'adar da yake nufi, domin a makon ne yake ta tare ƙofa don hana James Meredith, baƙar fata, yin rajista a jami'ar. Washegari tarzoma ta ɓarke a harabar makarantar, mutum biyu suka mutu, sai da Shugaba Kennedy ya tura sojoji. To, baƙar fatan da kakansa ya ga wannan dare, me za a ce masa idan ya shiga filin ya tarar da tutar?

Adalci ne a saurari masu ɗaga ta. Yawancinsu za su ce maka ba su da ƙiyayya da kowa. Wani zai ce kakan kakansa talaka ne da bai taɓa mallakar bawa ba, ya mutu a yaƙi, shi yake tunawa. Wani zai ce alama ce ta zama ɗan Kudu, yankin da mutanen jihohin Arewa suka daɗe suna yi wa kallon ƙauyawa. Kafin hanin 2020, a tseren NASCAR iyalai kan zo da manyan motocin kwana su yi sansani a tsakiyar fili kwana biyu ko uku, ana gashin nama, yara na guje-guje, tuta na kaɗawa a kan rufin mota, kamar yadda suka ga iyayensu na yi. Da yawansu gaskiyar zuciyarsu suke faɗa.

Sai dai niyya a zuci take, tuta kuwa a sama take. Wanda ke zaune a ɗaya gefen filin ba ya ganin zuciyarka. Abin da yake gani shi ne alamar da 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar masu ƙiyayya da baƙar fata, ke yawo da ita, wadda kuma Dylann Roof ya ɗauki hotuna da ita kafin ya shiga cocin Emanuel a Charleston ranar 17 ga Yuni, 2015, ya harbe baƙaƙen fata tara suna cikin ibada. Ba shi da hanyar bambance mai tuna kaka da mai yi masa barazana, tun da ƙyallen ɗaya ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda aka tsoratar da iyayensa da alama ya fi kowa sanin abin da take faɗa. A 1982 John Hawkins, baƙar fata na farko cikin ɗaliban da ke jagorantar kirari a wasannin Ole Miss, ya ce zai yi komai na aikinsa amma ba zai ɗauki tutar ba. Shekara guda bayan haka jami'ar ta daina amfani da ita a hukumance.

Sauran hujjar ita ce 'yancin faɗin albarkacin baki. Kundin tsarin mulkin Amurka ya hana gwamnati toshe bakin mutane, shi ya sa har gobe mutum na iya kafa tutar a ƙofar gidansa ko bayan motarsa. Amma NASCAR kamfani ne mai zaman kansa, kuma tikiti yarjejeniya ce: ka biya, ka shiga, ka bi dokar masu wuri. Yadda ake hana shiga da kwalba ko wuƙa, haka za a iya hana shiga da alama. Ole Miss kuwa ta gwamnati ce, hannunta a ɗaure yake, sai ta ɓullo ta wata hanya. A 1997, bayan mai horar da 'yan wasa Tommy Tuberville ya koka cewa tutar na korar masa haziƙan matasa baƙaƙen fata zuwa wasu jami'o'i, shugaban jami'ar Robert Khayat ya haramta shiga fili da kowace irin sanda, da hujjar tsaro. Tuta ba sanda ba ta kaɗuwa. Cikin ɗan lokaci ta ragu ƙwarai a kujerun 'yan kallo.

Wannan rigima ba ta Amurka kaɗai ba ce. A gundumar Cork ta ƙasar Ayilan, wasu magoya baya sun daɗe suna zuwa wasannin gargajiya da tutar 'yan awaren, don kawai ja ce kamar rigar ƙungiyarsu, kuma ana yi wa gundumar laƙabi da ta 'yan tawaye. Ba ruwansu da tarihin bauta a Amurka, amma a 2020 hukumar wasannin gundumar ta hana. A Asiya, tutar Japan mai jar rana da haskoki 16 abin alfahari ce ga Japanawa da yawa, rundunar ruwansu ma na amfani da ita har yau, amma ga mutanen Koriya, waɗanda Japan ta mulka daga 1910 zuwa 1945, tunin mamaya ce. A 2017 hukumar ƙwallon ƙafa ta Asiya ta ci tarar ƙungiyar Kawasaki Frontale ta Japan dala 15,000 saboda magoya bayanta sun ɗaga ta a wasa da ƙungiyar Suwon a Koriya ta Kudu. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Qatar, an hana wasu 'yan kallon Ingila shiga fili da shigar mayaƙan yaƙin gicciye, wato sulke da takobin roba da jan gicciye a ƙirji. Su a wajensu raha ce da suka saba yi a gida. Musulmin da ke tsaye a bakin ƙofa kuwa wani tarihi yake gani. Duk wanda ya fahimci dalilin wannan hani, ya fahimci abin da ke damun baƙar fatan Misisipi.

Ko hani yana magani? Ba ya wanke zuciya. Ƙasa da mako biyu bayan sanarwar NASCAR, a tseren Talladega da ke Alabama, wani ƙaramin jirgin sama ya yi ta shawagi a saman fili yana jan ƙatuwar tutar, motoci kuma suka yi jerin gwano da ita a wajen shinge. Amma a cikin shingen, washegari, direbobi da makanikai suka taru suka tura motar Wallace da hannu har gaban layi don nuna suna tare da shi. Abin da hani ke yi shi ne ya fayyace matsayin masu gida, ya cire wa mai mugun nufi rigar fakewa cikin jama'a. NASCAR ta gwada lallashi a 2015, ta roƙi mutane su bar tutar a gida, har ta yi tayin musanya musu da tutar Amurka. Kaɗan suka karɓa. Sai da aka mai da shi doka aka ga canji.

Wani lokaci ma wasa kan ja ƙasa gaba. Tutar jihar Misisipi ta ɗauki alamar tun 1894, kuma a ƙuri'ar raba gardama ta 2001 kusan kashi biyu cikin uku suka zaɓi a bar ta. Amma a watan Yuni na 2020 hukumomin wasannin jami'o'i suka ce ba za a ƙara kai wa jihar gasa ba muddin tutar na nan, wani fitaccen ɗan wasa, Kylin Hill, ya ce ba zai sake wakiltar jihar ba, masu horar da 'yan wasa suka yi ayari zuwa majalisa. Ranar 30 ga wata Gwamna Tate Reeves ya sa hannu aka sauke tutar da ta shekara 126.

Akwai gargaɗi ga hukumomi ma. Idan aka ce duk abin da ya ɓata wa wani rai sai an hana, ba tutar da za ta rage, kuma masu mulki za su samu hanyar danne kowace murya da ba ta yi musu ba. Ma'aunin ya kamata ya zama a fili: shin alamar tana da tabbataccen tarihin bautarwa, kisa ko ƙasƙantar da wata al'umma? Shin har yau masu ƙiyayya na amfani da ita? Shin mutanen da abin ya shafa suna cikin 'yan wasa ko 'yan kallo? Idan amsar duka e ce, ba ta da wuri a fili. Zolayar abokan hamayya daban, taɓa asalin mutum daban.

Jan hankali na ƙarshe ga matasanmu masu son wasanni: alamomi na yawo a jikin riguna da hulunan gwanjo, da sitikar mota da babur, da hotunan da ake sakawa a waya. Kafin ka saka ko ka ɗaga, bincika ta wane ne, su wa suka riƙe ta, kuma a kan wa aka ɗaga ta. Idan wanda abin ya shafa ya gaya maka tana cutar da shi, rashin sani ya ƙare daga wannan lokaci, abin da ya rage zaɓi ne. Ƙungiyarka tana da launinta, da tambarinta, da sunayen gwanayenta. Waɗannan sun ishe ka nuna kishi ba tare da ka kori ɗan'uwanka daga kujerar da shi ma ya biya kuɗinta ba.