Baƙin Tsuntsaye Sun Kusa Tafiya: Yadda Za a Ɗauke Su Hoto

Ba duk tsuntsun da muke gani a fadamun Gaya da Ajingi ba ne ɗan gida. Wasu baƙi ne daga Turai. Sanyi ne ke koro su, sai su tsallako hamadar Sahara su iso wajen watan Oktoba. Akwai agwagin ruwa, akwai ƙanana masu kaɗa jela da ke bin shanu. Babbar matattararsu ita ce dausayin Haɗejiya da Nguru, inda Kogin Wudil yake gangarawa. A can ne Dagona take, a Jihar Yobe, wurin da Yarima Filif na Ingila ya ziyarta a 1989.

Daga Fabrairu zuwa Maris, hunturu yana ƙarewa, su kuma suna shirin komawa. Suna ci sosai don su tara kitse, domin hamadar da za su ratsa ta fi kilomita 1,500. Duk lokacin da aka firgita tsuntsu ya tashi, an rage masa guzurinsa. Shi ya sa mai ɗaukar hoto na gari ba ya korar tsuntsu.

Ga yadda ake yi, ko da wayar aro ce. Ka fita da safe bayan rana ta ɗan ɗaga. Ka juya wa rana baya, don haske ya sauka a kan tsuntsun. Hazo yana sa hoton nesa ya yi fari-fari, kuma jawo hoto da yatsa yana ɓata shi. Gara ka zauna shiru a gindin bishiya da tufafi marasa ƙyalli, har tsuntsun ya matso da kansa. Ka riƙa goge idon kyamara da ƙyalle mai laushi saboda ƙura. Bayan ka ɗauka, ka rubuta rana da wurin.

Ka tafi tare da babba, ka nemi izinin mai lambu, kada kuma ka shiga kududdufi saboda tsargiya. Danƙo kuwa a bar shi a gida.

Mai neman shamuwa sai ya yi haƙuri. Ita daga kudancin Afirka take zuwa, sai damina ta ƙarato. Wanda ya samu hoto mai kyau ya kawo wa kulob ɗinmu a liƙa a wannan allo.