Rugugin Cikin Mota a Hanyar Tamanrasset: A Duba Taya

Duk direban da ya saba jigilar fasinja daga Tamanrasset zuwa In Guezzam, tafiyar kusan kilomita 400 a kan babbar hanyar da ta ratsa Sahara ta gangara Agadas da Damagaram da Kano, ya san rugugin nan da ke cika mota har sai mutum ya ɗaga murya kafin na kusa da shi ya ji. Inji ko salansa aka fi ɗora wa laifi. Amma da zarar mota ta miƙe, kaso mai tsoka na ƙarar daga taya yake tasowa, kuma ba ta taga yake shigowa ba.

Duk lokacin da haƙoran taya suka bugi tsakuwa ko tsagar kwalta, robar takan yi rawa, iskar da ke ciki ta amsa kamar cikin ganga, wajen sau 200 zuwa 250 a daƙiƙa ɗaya a tayar ƙaramar mota. Girgizar sai ta bi ta wili da sifirin da shokazoba ta isa ƙarfen bodi, daɓen motar da rufinta su kama kaɗawa a kunnen fasinja. Shi ya sa ɗaga gilashi ba ya maganinta. Mai shakka ya lura da Hilux ɗin da ta sauka daga kwalta zuwa gargadar hanyar dutsen Assekrem: giya ɗaya, kukan inji ɗaya, amma nan take cikin motar ya rikice da ruri, mabuɗi na karkarwa a maƙunni.

Wani zai ce ai mai ratsa duwatsun Hoggar ba shi da zaɓi sai taya mai kauri da manyan haƙora, kuma fashewar taya a jeji ta fi ƙara haɗari. Gaskiya ne, ba wanda zai ce a sayi shiru da rai. Tayoyin nan masu soso a ciki da Continental da Pirelli ke yi don rage ƙara ma ba don wannan hanya aka ƙera su ba. Sai dai sau da yawa sakaci ne ke ƙara rugugin: an cika iska fiye da ƙima bayan fitowa daga rairayi, wili ya lanƙwashe, robobin ƙafa sun bushe da zafi sun tsattsage, ƙarfe na taɓa ƙarfe. Irin wannan ƙara tana gajiyar da direba a doguwar tafiya, tana kuma danne kukan boris da ya kusa ci, wanda shi ne gargaɗin farko.

Don haka direba, kafin ka bar Tamanrasset, sa mai faci ya auna iskar da ma'auni, ba da bugun ƙafa ba, bakanike kuma ya leƙa robobin ƙafa.